Ba Daga Kan Kwalta Ake Yi Wa Taɓo Hukunci Ba: Martani Kan Bambar Ƙarfe Da Winci

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya fitar a kwanakin baya, wadda a cikinta ya yi kakkausan inkari ga masu cire bambar da kamfani ya ƙera mota da ita su ɗaura ta baƙin ƙarfe, sa'an nan su ɗora mata injin nan mai naɗe igiya wanda makanikai ke kira winci. Kuma da yake mutum ne da nake ganin girman alƙalaminsa tun ba yau ba, ban yi gaggawa ba, sai da na maimaita karatun, na kwana da maganar, na kai ta gaban waɗanda suka fi ni sanin ƙarfe, kafin na yarje wa kaina in mayar da jawabi. Abin da Malam ya tsayu a kai shi ne cewa wannan aiki riya ce da israfi, cewa ƙarfen makami ne da aka ɗana wa masu tafiya a ƙasa, kuma cewa babu mai walda ko bakanike da ya isa ya yi wa injiniyoyin kamfani gyara. Daga nan ya yi kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an VIO da na KASTLEA su bi motoci su kwance waɗannan kaya baki ɗaya, kamar yadda ya ce an yi a Indiya da Turai.

Insafi ya wajabta mini in fara da inda Malam ya yi gaskiya, domin ya yi ta, kuma mai ɗaci ce. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello ko titin Ali Akilu a Kaduna na rabin sa'a zai ga manyan motoci waɗanda tayarsu ba ta taɓa taka ƙasar gona ba, an jera musu bututun ƙarfe a gaba kamar ƙyauren kurkuku, ba don komai ba sai don a ba su hanya. Kuma ya tabbata cewa bambar kamfani an yi ta ne ta lotsa ta shanye wani kaso na ƙarfin karo, alhali bututun ƙarfe ba ya lotsawa, sai ya tattara dukan wuri guda ya sauke shi a jikin wanda aka buge. Babban mutum a cinya ko ƙugu yake samunsa. Yaron da ya fito daga Islamiyya da allonsa kuwa, tsayin ƙarfen daidai yake da ƙirjinsa ko kansa. Ban da ja a kan wannan ko kaɗan, kuma da Malam ya taƙaita hukuncinsa a kan irin waɗannan motoci, da ni ne farkon mai sa hannu a bayansa.

Amma Allah ya gafarta Malam, an koya mana a zaure cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta samu ya samu, in ta kau ya kau, kuma ƙiyasin abu a kan wani abu ba ya inganta matuƙar akwai bambanci a tsakaninsu a daidai wurin da ake ƙiyasin. Malam ya ɗauki motar mai fankama a kan kwalta ya yi mata hukunci, sa'an nan ya shimfiɗa hukuncin a kan a-kori-kurar manomi da ke gangarawa fadama, don kawai dukansu biyu suna da ƙarfe a gaba. Nan ne na rabu da shi.

Ni mazaunin Rafin Guza ne, unguwar da ke bayan Kawo a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, wadda ta gangara har bakin Kogin Kaduna. Kuma wanda ya hau gadar sama ta Kawo ya ga faɗin titin da ke ƙarƙashinsa ba zai yi zaton cewa tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga nan kwalta take ƙarewa, a shiga hanyar da ruwa ne ke shata ta kowace shekara yadda ya ga dama ba. Mutanenmu da yawa abincinsu a bakin kogin nan yake: 'yan lambu, da masu masara da rake, da masu haƙar yashi, da masu ɗaukar duk waɗannan su kai kasuwa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba sama ba ta ɗaukewa, a Agusta da Satumba kuwa kogin kan cika ya tumbatsa, kuma babu dattijo a unguwar nan da ya manta ambaliyar 2003 ko ta 2012. Bayan ruwa ya janye sai ya bar laka mai danƙo wadda samanta kan bushe ya yi ɓawo alhali ƙarƙashinta kunu ne, mota ta hau da nauyinta ɓawon ya fashe, taya ta nutse, direba ya sa giyar taimako ya taka totur, tayoyin huɗu su yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami har cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Daga nan ƙarfin inji ba shi da sauran amfani, domin babu abin da taya za ta kama.

To, me ake yi idan mota ta kafe haka alhali babu winci? Wannan ita ce tambayar da maƙalar Malam ba ta yi ba, kuma a kanta mas'alar duka take. Ana kiran samari goma ko fiye, a ɗaga da jak a kan katako, a cusa duwatsu da itace ƙarƙashin taya, sa'an nan su jeru a baya su kafa kafaɗa suna turi yayin da taya ke feso musu laka da tsakuwa, wani lokaci har da guntun katakon da aka cusa. In wannan ya faskara sai a nemo tifar yashi a ɗaura sarƙa, a duk inda hannu ya samu a jikin motar, tifa ta ja da baya ta saki sarƙar ta yi sako-sako, sa'an nan ta zabura ta fizga. Na tsaya a wurin da aka yi haka wata damina, da la'asar sakaliya, motar wani maƙwabcinmu ɗauke da buhunan taki. A fizga ta uku sarƙar ta tsinke daga wajen ƙugiya, ta taso da ƙara kamar bulala, ta wuce kan yaron motar da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, ta farfasa gilashin gaba. Yaron ya durƙusa a cikin lakar yana salati, jikinsa na rawa, aka daɗe ba wanda ya iya cewa uffan. Tun daga ranar na ƙudurta cewa ba zan ƙara yarda a fizgi motata da sarƙa ba, kuma ba zan ƙara tsayar da 'ya'yan mutane a bayan taya mai juyawa ba.

Winci kuwa ba ya fizga. Ana warware igiyarsa a kai ta ga gindin bishiya mai ƙarfi, a naɗa wa bishiyar ɗamara mai faɗi don kada waya ta yanke mata ɓawo ta kashe ta, ko a kai ga wata motar da ta tsaya a kan tsandauri. A yafa bargo mai nauyi ko buhu a tsakiyar igiyar domin in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta tashi sama. A kori kowa ya yi nisa. Sa'an nan mutum ɗaya ya tsaya gefe da maɓallin a hannunsa yana jawo motar sannu a hankali, taki bayan taki, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi, ya tsaya in ya so, ya duba, ya ci gaba. Idan nauyin ya yi yawa sai a ratsa igiyar ta cikin fuli a komo da bakinta jikin motar, ƙarfin ja ya kusa ninkawa biyu, saurin ya ragu da rabi. Wanda ya ga waɗannan hanyoyi biyu da idonsa ba zai yi shakkar wacce ta fi kiyaye rai ba, kuma kiyaye rai shi ne abin da Malam ya ce yana nema.

Wataƙila Malam ya ce, to a bar winci a cire bambar. Wannan ba ya yiwuwa a galibin motocin yau, kuma ga dalili. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka ginu a kai ita ce, wincin ya kasance yana iya jan nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. A-kori-kura irin Hilux idan ta yi lodi tana kusantar tan 3, ke nan tana bukatar abin da zai ja tan 4 da rabi ko kusa da haka, shi ya sa waɗanda aka fi ɗaura mata su ne masu lambar 9,500 zuwa 12,000 a ma'aunin fam na Amurka. Duk wannan ƙarfi dole ya bi ta wani wuri ya isa ga shasin motar, kuma bambar roba da ake riƙe ta da 'yan maɓallai ba za ta ɗauki ko ushirinsa ba. Zamanin da masana'antar Peugeot ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, take fitar da 504, bambar mota ƙarfe ce tun daga kamfani. Ta yau kuwa an zubo ta ne ƙasa-ƙasa saboda iska da tsimin mai da tafiyar kwalta, ta yadda gaɓar kwazazzabo ta farko kan yage ta. Bambar ƙarfe a motar daji mazaunin winci ce, kuma a nan ne ake samun ƙugiyoyin ja da aka yi su don ja. Wanda ya halatta guga bai kamata ya haramta bakin rijiyar da za a tsaya a kai ba.

Game da cewa injiniyoyin kamfani sun fi kowa sani, na yarda, sai dai hujjar ta juya ta zama tawa. Tsofaffin Land Rover, waɗanda suka fara fitowa a 1948 kuma suka yi wa ma'aikatan gona da na asibiti hidima a ƙasar nan shekaru masu yawa, kamfaninsu da kansa yana sayar da winci mai aiki da ƙarfin inji ga mai so; Toyota ta fitar da Land Cruiser masu winci tun daga masana'anta; a Ostareliya kuma, inda direbobin karkara ke karo da dabbar nan kangaru da shanu da dare, Toyota tana sayar da nata ƙarfen gaba wanda aka gwada shi ya dace da jakar iskar motar. Ashe injiniyoyin ba su ƙi abin ba. Abin da suka ƙi shi ne a yi shi da ka, kuma wannan ni ma na ɗanɗana kuɗarsa.

Da na tashi ɗaura tawa, saboda neman sauƙi na kai motar wurin wani mai walda, mutumin kirki mai tsabtar aiki a ƙofa da taga, amma wanda bai taɓa yin wannan ba, ni kuma ban san abin da zan tambaya ba. Ya yanko faranti mai kauri ya liƙa shi da wuta a ƙarshen shasi, daidai wurin da kamfani ya bar ƙarfen da laushi da gangan don ya lanƙwashe a lokacin karo; aiki ya yi kyau a ido, aka shafa baƙin fenti, na biya na tafi ina murna. Ranar da na fara jan gaske, a wata hanyar gona wajen Rigachikun, ina riƙe da maɓalli sai na ji ƙarfe yana kuka, kafin in saki yatsa waldar gefen hagu ta ɓalle, bambar ta karkace ta daki lagireto, ruwan zafi ya tsiyaye a cikin taɓon, na kwana a ƙauye. Laifin nawa ne kafin ya zama nasa. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko: cewa ba a walda a jikin shasi, domin zafin wuta yana raunana ƙarfen, cewa ana ɗaurewa ne da kusoshi masu ƙarfi, waɗanda aka buga wa lamba 8.8 ko sama da haka a ka, ta cikin ramukan da kamfani ya tanada. Cewa motar da ke da jakar iska tana da na'urar da ke auna tsananin karo, kuma ƙarfen da bai dace ba yana iya sa jakar ta fashe a inda bai kamata ba ko ta sauya lokacin fashewarta a inda ake bukatarta. Cewa dole a bar wa lagireto hanyar iska, kada kuma a rufe fitila ko lamba.

Akwai kuma nauyi, wanda mutane ke mantawa da shi. Bambar ƙarfe da winci idan aka haɗa sukan kai nauyin buhun taki biyu, wani lokaci su zarce, kuma an rataye su ne can gaban tayoyin gaba, inda kowane kilo yake danne hancin motar. In ba a sauya sifirin da shokozoba sun dace ba, gaba ya sunkuya, sitiyari ya yi nauyi, taya ta ci gefe, birki ya ƙara nisa. Wutar ma haka: winci a tsananin ja yana iya zuƙar abin da ya haura amfiya 400, alhali abin da injin motar ke mayar wa batir bai kai rabin haka ba, sabili da haka ake barin inji a kunne, a ja kaɗan a huta, a sa waya mai kauri da makashin wuta kusa da batir, kada wata rana wayar ta goge a jikin ƙarfe mota ta kama wuta. Ba a kuma warware igiyar waya duka, ana barin aƙalla naɗi biyar a kan gangar, ba a kama ta da hannu sai da safar fata, ba a tsallaka ta tana ɗaure. Na kawo waɗannan dalla-dalla ne don Malam ya ga cewa abin ilmi ne mai sharuɗɗa, kuma abin da yake da sharuɗɗan inganci ana koyar da sharuɗɗan ne a tsare su.

Wannan ya kawo ni ga misalan ƙasashen waje da Malam ya kafa hujja da su. Gaskiya ne gwamnatin Indiya ta umarci jihohinta a watan Disamba na 2017 su hana ɗaura irin wannan ƙarfe. Amma Tarayyar Turai ba haka ta yi ba: dokar da ta kafa a 2005, wadda ta fara aiki a kan kayan da ake sayarwa a 2007, ta gindaya gwaji ne, ta ce ba za a sayar da kariyar gaban mota ba sai ta ci jarrabawar da ke auna irin raunin da za ta yi wa ƙafa da kan mai tafiya a ƙasa. Ostareliya ita ma ma'auni ta kafa, wanda ya hana kaifi da tsini da duk abin da ya turo gaba, ya nemi ƙarfen ya bi siffar motar. Turai da Ostareliya sun bambance tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma abin da nake roƙon Malam ya yi ke nan.

Fiƙihunmu ma ya riga ya ba mu hanyar. Ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa malaman Malikiyya sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, haka kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami ko ya ajiye abu a inda ba a yi masa izini ba har wani ya halaka da shi, amma ba su hana hawan dabba ko haƙa rijiya ba. Ni a fahimtata, kuma ina barin fatawa ga ma'abotanta, wanda ya ɗaura bututu mai tsini a motar da ba ta barin gari, ya buge yaro, ya ƙara wa kansa nauyi a gaban shari'a da gaban Allah, domin ya sanya cuta a hanyar Musulmi ba tare da wata larura ba. Mu ma masu larurar ba mu kuɓuta ba. Motata tana ratsa Kawo kafin ta isa gona, ranar Talata kuwa kasuwa kan cika har bakin titi, kuma na san abin da ke gabana ya fi na sauran motoci tauri; saboda haka wajibina ne in yi tafiyar da ta fi tasu sanyi, kuma in hidimar cikin gari ce zalla, in bar ta a gida in hau Keke Napep. Larura ana ƙaddara ta ne gwargwadonta.

Saura zancen israfi, kuma ba zan tsawaita ba. Kayan suna da tsada, babu musu. Amma israfi shi ne sanya dukiya a inda ba ta da amfani, winci ɗaya kuwa a unguwa irin tamu ba na mai shi kaɗai ba ne. A damina guda na fita da dare fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na jawo motar mai tumatir da zai ruɓe kafin gari ya waye, na jawo motar haya da fasinjojinta mata da yara, ban kuma san mai winci a yankin nan da aka buga wa ƙofa ya ƙi fita ba. Riya kuwa aikin zuciya ce, ni da Malam duka ba mu da ma'auninta.

Abin da nake so Malam ya mayar da alƙalaminsa kansa, tun da ana sauraronsa fiye da yadda ake saurarona, shi ne kira ga hukuma ta kafa ma'auni. Muna da maƙeran Fanteka waɗanda hannunsu ya san ƙarfe tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da injiniyoyinta a tsakiyar gari, muna da jami'an duba lafiyar mota. A zaunar da su wuri guda su rubuta abin da bamba za ta cika kafin a bar ta a hanya: babu tsini, babu kaifi, babu bututun da ya haura saman bonet ko ya turo gaba, ɗauri da kusoshi a ramukan kamfani, ƙugiyar winci a ɓoye ba a rataye a waje ba, fitila da lamba a sarari, nauyi daidai da abin da motar za ta ɗauka. A koya wa masu walda wannan, a ba wanda ya iya shaida, a cire duk ƙarfen da ya kasa, ko na wane ne. In Allah ya sa aka kai ga haka, ina roƙon a fara awon da tawa motar. Zan kawo ta da kaina, in ta faɗi in riƙe wa bakanike sifana ya kwance ta a gaban Malam.